Waƙar da Muka Kai Kwoi

Ina sabuwar amarya na shiga zumuntar mata ta ikkilisiyarmu a Kafanchan. Daga wani ƙauye kusa da Fadan Kagoma aka kawo ni. Maigidana bakaniken babura ne a hanyar tasha, yakan fita da sassafe ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu. Ban san kowa a garin ba. Abu ɗaya na zo da shi daga gida wanda ya sa na sami shiga, wato na iya kaɗa tulu. Gwaggona ce ta koya mini tun ina yarinya, yadda ake ɗaure guntun soson katifa a buga bakin tulu da shi har ya amsa daga can cikinsa. Ranar farko da na je koyon waƙa, na tarar mai kaɗa musu babban tulu ta haihu. Mama Shugaba, wadda ke riƙe da zumuntar, ta dube ni ta ce, "Amarya, an ce mutanen wajenku da kiɗa ake yaye su. Zauna mu ji." Na zauna na buga. Ba su bar ni na tashi ba sai da aka yi addu'ar rufewa.

Mai ba mu waƙa wata gajeriyar mace ce manomiyar citta, tana zaune a bayan gari. Mama Murya muke ce mata. In tana magana sai ka matsa kusa kafin ka ji, amma in ta ɗaga waƙa, kwanon rufin majami'a har rawa yake yi. Ita take ƙaga mana waƙoƙi, ta ce a gona suke zuwa mata. Na daɗe a cikinsu kafin wata ta raɗa mini cewa an kashe ɗanta na fari a hanyar gona, a wani tashin hankali da aka yi a ƙauyukan wajen, kuma ba a taɓa kama kowa ba. Ba mai tayar da zancen a gabanta, ita ma ba ta tayarwa.

A shekarar nan aka aiko da sanarwa cewa za a yi babban taron waƙa na matan zumunta a Kwoi, ranar Litinin bayan Ista. Kowace ikkilisiya ta zo da sabuwar waƙa a kan mutuwar Ubangiji. Da Mama Shugaba ta gama faɗa, majami'a ta kaure da guɗa. Mu da ba mu da yawa, mu za mu tsaya a fili ɗaya da manyan ikkilisiyoyin da ke cika mota biyu! Nan take aka fara gardamar kalar anko. Mama Murya dai ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi gida. Da ta dawo koyon waƙa na gaba, ta dawo da waƙa.

Ta tsaya a tsakiya ta ce mini, "'Yata, ba ni kiɗa mai nauyi, kamar ana daka." Na ba ta. Sai ta ɗaga murya:

Wa ya ɗaure hannun Mai Ceto?
Wa ya tofa masa yawu a fuska?
Wa ya saƙa ƙaya ya ɗora masa a kai?
Wa ya ɗaga guduma, wa ya riƙe ƙusa?

Bayan kowace tambaya, mu kuma mu amsa, "Su ne! Su ne!" Ta nuna mana rawar: taku biyu zuwa hagu, a buga ƙafa a ƙasa, sannan a jefa hannun dama waje da yatsa a miƙe, kamar kana nuna wani da ke tsaye bayan taga.  Waƙar tana da zafi, tana da daɗin rawa, ko sau uku ba mu yi ba kowa ta iya. Mata suka yi ta tafi suna cewa Kwoi za ta san mun zo. Amma ni da nake zaune a gabanta ina ganin fuskarta, na lura duk lokacin da ta jefa hannun nan, idonta yakan kaɗa ya yi ja.  Ina jin ba ni kaɗai na gani ba.

A layin baya akwai wata tsohuwa mai kaɗa kacau-kacau, Mama Reluwe. Mutuniyar kudu ce daga ƙasar Ibo, mijinta ya yi aikin jirgin ƙasa har ya rasu, ita kuma tana sayar da atamfa a kasuwa. Kunnenta ɗaya ba ya ji sosai, muryarta kuwa kamar ta namiji. Dukanmu babu wadda aka haifa da Hausa a baki, kowa da harshenta a gida, Hausa ta coci ce da kasuwa, amma Hausar Mama Reluwe ta fi ta kowa karkacewa, kuma ko a jikinta.

Muna cikin maimaita waƙar wata ranar Talata, Mama Shugaba ta ɗaga hannu aka tsaya.

"Akwai mai ɓata amshi a baya. A sake."

Aka sake. Wa ya ɗaga guduma? Muka ce, "Su ne!" Daga baya aka ji murya guda, lafiyayya, ta ce, "Mu ne! Mu ne!"

Dariya ta ɓarke. Wata ta faɗi a kan benci tana riƙe ciki. Muka juya, ga Mama Reluwe da kacau-kacau a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe a fuska, tana kallonmu ba ta san abin da ya ba mu dariya ba.

Mama Shugaba ta matsa wajen kunnenta mai ji ta ce, "Mama, su ne ake cewa. Su. Ba mu ba."

"Su? Su wa?"

"Sojoji mana, da manyan firistoci, da gwamnan da ya wanke hannunsa."

Tsohuwar ta ajiye kacau-kacau a cinya. Ta ce, "Kai! Ni tun da aka fara waƙa nan, mu ne na ji. Shi ya sa ina kuka, na je gida ina kuka, na ce waƙa nan ya kama ni. Ashe ba da ni ake yi ba."

"To yanzu kin ji. A ɗauka daga farko."

"Tsaya, Shugaba. Ina da tambaya. Da yana kan gicciye, ba ya roƙa wa mutane gafara ba? Su wa ya roƙa wa?"

Wata ta ce, "Waɗanda suka gicciye shi."

"Yauwa. To in su ne suka yi, gafara nasu ne. Ni fa? Ni ina son kashi na a ciki. Ku bar ni in ce mu ne."

Ba a sake dariya ba. Sai magana ta tashi daga ko'ina lokaci ɗaya. Wata mai sayar da tumatir ta miƙe ta ce ita ko kaza ba ta iya yankawa, maigidanta ke yanka mata, don haka kada wanda ya ɗora mata jinin Ɗan Allah. Wata ta ce ai kowace Lahadi muna faɗa da bakinmu cewa saboda zunubanmu ya mutu. Ta farko ta ce saboda mu daban, mu muka kashe daban. Mama Shugaba tana buga benci tana cewa a yi shiru, ba mai jinta. Ni kuwa ina rungume da tuluna ina kallo, don ban taɓa jin mata suna musu a kan maganar Allah da irin wannan zafi ba, kamar ana rabon gado.

 Da hayaniya ta lafa, Mama Murya ta ce a hankali, "Waƙata su ne ta ce." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Makon nan zancen ya bi mu ko'ina. A wajen niƙa, ana jiran layi, sai ka ji wata ta ce, "Ke 'yar su ce ko 'yar mu?" A kasuwa mata sukan tsaya a rumfar Mama Reluwe wai duba anko, su ƙare da musu. Na kai maganar gida, maigidana yana cin tuwo ya ce, "Ni dai in babur ya lalace a hannuna, ba na ce wa mai shi yarana ne suka ɓata. Amma wannan ban taɓa babur ɗin ba ma." Na ce masa to me ya sa yake cin jibin Ubangiji a majami'a, na tunawa da mutuwarsa? Ya tsaya da loma a hannu, ya ce in bar shi ya ci abinci.

Ni kaina ban tsaya wuri ɗaya ba. Da safe sai in ga mai tumatir tana da gaskiya, ina aka haife ni da za a ce na riƙe ƙusa? Da yamma kuma sai in tuna da maganar da Mama Shugaba ta yi mana a hanya, cewa taron da ya yi ihu a kashe shi ba aljanu ba ne. A ciki akwai mata irinmu da suka fito sayen kayan miya, suka ji ana ihu suka kama. Akwai masu yara a baya. Akwai waɗanda ya warkar wa 'yan'uwa, suka yi shiru don tsoro. Ta ce ita ba ta da tabbacin a wane gefe za ta tsaya da tana wurin.

Aka kai maganar gaban Fasto. Ya saurari kowa, ya yi murmushi ya ce, "Iyayena, duka biyun gaskiya ne. Akwai hannuwan da suka buga ƙusa a ranar, ba namu ba ne. Akwai kuma abin da ya kai shi wurin, wannan kam da namu a ciki. Amma waƙa ba tawa ba ce. Ku je ku nemo mai ita." Don tun ranar Talatar nan Mama Murya ba ta sake zuwa koyon waƙa ba, ga Ista tana matsowa, ga anko an riga an ɗinka.

Mama Reluwe ta ce ita ta jawo, ita za ta je, amma in raka ta. Maigidana ya samo mana masu babur biyu. Muka tarar da Mama Murya a ƙarƙashin mangwaro tana ɓare irin citta, tana shirin shuka in ruwa ya sauka. Ta ba mu kujera, ta ba mu ruwa, aka gaisa har da tambayar kaji. Sai Mama Reluwe ta ja kwando ta fara ɓarewa ita ma, ni ma na sa hannu. 

Mama Murya ce ta fara magana. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Mama, kin girme ni, ba zan ɓoye miki ba. In na ce su ne, ina ganin fuskoki. Ba na sojojin da ba. Kin san waɗanda nake gani. Yanzu kina so in sauke hannuna in shiga layi ɗaya da su, in ce mu ne? Ni da waɗanda suka kwantar da yarona a hanya, mu?"

Na sunkuyar da kai. Ƙamshin citta ya cika mini hanci, idona yana yaji.

Mama Reluwe ta ce, "Ƙanwata, a garin nan aka haife ni, a gidajen reluwe. Ina ƙarama aka yi tashin hankali, kafin yaƙi. Mama na ya saka mu a jirgi. Baba na ya ce zai biyo mu a na gobe. Bai zo ba har yau. Da na yi aure, miji na ya ce an tura shi aiki Kafanchan, na yi kuka kamar zan mutu. Na zo, ina sayar wa mutane zane, ina duban kowane tsoho ina cewa ko shi ne."

"Kin yafe?"

"Wani rana na yafe. Wani rana na karɓe abu na. Na sake yafe. Haka har na tsufa. Ban zo in ce ki yafe ba, wannan tsakanin ki da Allah. Ni dai na ga in na tsaya a gefen masu tsabta ina nuna yatsa, Yesu ba ya wurin. Yana can tsakiyar masu laifi, ana rataye da shi. Ni wurin da yake nake so."

Mama Murya ta share hannu a zani. Ta ce, "Na ji. Ku gaida gida."

A hanya na ce shi ke nan, mun rasa waƙa mun rasa mai waƙa. Amma Mama Shugaba ta yanke magana ranar Jumma'a Mai Kyau bayan sujada: waƙa ta mai ita ce, za a yi ta yadda ta ƙaga ta, su ne. Mama Reluwe ta ce ta yarda, za ta riƙe bakinta ta kaɗa kacau-kacau kawai. Aka aika wa Mama Murya. Ranar Asabar sai ga ta a majami'a, ta tsaya a wurinta kamar ba abin da ya faru, ta ce, "'Yata, ba ni kiɗa."

Litinin da sassafe muka cika wata doguwar bas, dukanmu cikin anko ruwan goro da farin ɗankwali. Tuluna yana kan cinyata, na naɗe shi da bargo kamar jariri, duk ramin da direba ya faɗa sai in yi ihu. An zuba kulolin shinkafa da dafaffen ƙwai a ƙarƙashin kujeru. Tun kafin mu bar gari aka fara waƙa, ba a daina ba. Mutane a bakin hanya suna ɗaga mana hannu, masu babura suna yi mana hon. Gonaki an yi kaftu ana jiran ruwa, sama ta yi nauyi, zafi kamar a tukunya, amma ba wadda ta damu.

Da muka shiga Kwoi na riƙe baki. Filin makarantar da aka yi taron ya cika maƙil da mata, kowace ƙungiya da kalarta, shuɗi, kore, ja, rawaya, har ido ya gaji. Ga rumfuna, ga manyan lasifikoki, ga masu sayar da kunun zaƙi da ƙanƙara. An zo daga Gwantu, an zo daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Har na hango matan ƙauyenmu, gwaggona a cikinsu, ta rungume ni tana guɗa tana gaya wa kowa ita ta koya mini. A gefe alƙalai suna zaune a tebur, kusa da su wani dattijo riƙe da ƙararrawa. In lokacin ƙungiya ya cika sai ya kaɗa, ko kuna tsakiyar baiti ku sauka.

Ƙungiyoyi suka yi ta shiga suna fita. Wasu da tuluna har shida, wasu da ganguna, wasu rawarsu kamar mutum ɗaya.  Rana ta karkata kafin aka kira mu. Muka shiga fili a jere, na ajiye tulu, na durƙusa a bayansa. Mama Murya ta karɓi makirfo, ta duba shi, ta miƙa wa mai shi abinsa. Ta ɗaga kai ta fara da muryarta kawai.

Wa ya ɗaure hannun Mai Ceto?

"Su ne! Su ne!"

Ƙasa ta amsa bugun ƙafafunmu. Kafin baiti na uku mata a rumfuna sun miƙe, sun kama amshi, suna jefa hannu tare da mu. Wa ya saƙa ƙaya? Su ne! Wa ya ɗaga guduma? Su ne! Fili duka yatsu ne a miƙe. Na ce a raina mun ci. Muka zo baiti na ƙarshe, na shirya bugun rufewa.

Sai Mama Murya ta juyo ta yi mini alama da hannu in ci gaba. Ba mu koyi wannan ba. Na ci gaba. Ta ja numfashi, ta jefa wata tambaya da ba mu taɓa ji ba, a kan karin nan dai:

Wa ya roƙa wa gafara yana zub da jini?

Bakinmu ya riga tunaninmu. Mu da dukan filin muka ce, "Su ne! Su ne!" da yatsa a miƙe. Sai da kalmar ta fita muka ji abin da muka faɗa. Na ga hannun mai tumatir ya tsaya a sama, ta kasa saukewa. Mama Murya ta sake tambayar, da ƙarfi fiye da na farko, hawaye suna gangarowa har wuyanta, hannunta yana nuna waje. "Su ne," muka amsa, wannan karon a sanyaye. Ta yi ta uku, muryarta ta tsage a tsakiya. Na san fuskokin da take gani, na kuma ji abin da take faɗa a kansu a gaban jama'a. Ban san yadda hannuna ya ci gaba da bugu ba.

Sannan ta sauke hannun a hankali, ta ɗora shi a ƙirjinta, ta juya ta fuskanci layin baya inda Mama Reluwe take tsaye, ta rera:

To wa ya sa shi hawa dutsen nan?
Nauyin wa ya ɗauka a kafaɗa?

Tsohuwar ba ta jira kowa ba. Ta ɗaga kacau-kacau sama ta kwarara, "Mu ne! Mu ne!"

Abin da ya biyo baya, har yau in na tuna sai jikina ya ɗauka. Layinmu ya kama. Rumfar kusa ta kama. Amshin ya zagaye fili kamar wuta a busasshiyar ciyawa, mata suna buga ƙirji maimakon nuna waje. Mama Murya tana ta zubo sababbin baitoci, ban san daga ina suke fito mata ba. Wa ya gudu ya bar shi? Mu ne! Wa ya yi shiru don tsoro? Mu ne! Sai ta juya karin ya yi sama, ta yi mini alama in ƙara sauri:

Wa aka yafe wa? Wa aka wanke?
Domin wa ya tashi da asuba?

"Mu ne! Mu ne! Mu ne!"

Nan kuka ya koma rawa. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Masu tuluna na wasu ƙungiyoyi suka jawo nasu suka shigo fili suka bi kiɗana, gwaggona ta durƙusa kusa da ni tana buga nata tana dariya. Layi ya watse, kaloli suka gauraye, ba ka gane 'yar Kafanchan da 'yar Gwantu. Mai tumatir tana tsalle tana cewa mu ne fiye da kowa. Dattijon nan ya kaɗa ƙararrawa, ya sake kaɗawa, ba wanda ya ji. Da na ɗago na hango shi ya shigo cikin taro yana kaɗa ta daidai da kiɗa, yana juyi da babbar rigarsa. A tsakiyar fili kuwa Mama Murya da Mama Reluwe suna riƙe da juna, gajeriya da doguwa, suna taku a hankali.

Ban taɓa jin murna irin ta ranar ba, kuma abin ya ba ni mamaki, don kalmar da muke rawa a kanta kalmar amsa laifi ce. Na ɗauka in mutum ya ce da hannunsa a mutuwar Ubangiji, kansa zai sunkuya. Sai na ga akasin haka. Muddin muna nuna waje, waƙar tana da zafi amma ba ta da sauƙi. Da muka shigar da kanmu cikin masu laifi, sai muka tarar gafara ta riga mu isa wurin.

Ba mu ci gasar ba. Alƙalai suka ce mun wuce lokaci nesa ba kusa ba, kuma rabin waɗanda suka yi waƙar ba 'yan ƙungiyarmu ba ne. Wata babbar ikkilisiya ta ɗauki kofi, sun kuwa cancanta. Mama Shugaba ta yi kamar za ta ji haushi, sai dariya ta ƙwace mata. Kafin mu shiga mota, mata daga ƙungiyoyi dabam-dabam sun kewaye Mama Murya suna so ta maimaita musu baitocin, ita kuwa tana cewa rabinsu ta manta, a wurin suka zo.

A hanyar dawowa na sami wuri kusa da ita. Muryarta ta dishe gaba ɗaya. Sauran mata suna cin ragowar shinkafa suna ta labarin dattijo mai ƙararrawa. Na daɗe ina juya tambayar kafin na yi ƙarfin hali.

"Mama, kin yafe musu ke nan?"

Ta dube ni, ta ce da raɗa, "Ban ce ba, 'yata. Na ce shi ya roƙa musu. Wannan kam gaskiya ne, ko ina so ko ba na so. Yana gaba, ni ina baya, ƙafata ba ta da sauri." Sannan ta ƙara, "Amma yau na kira sunan yarona a zuciyata, ban ji wuƙa ba. Ba ni ruwa."

Na ba ta. Ta sha, ta jingina kai da taga.

Muna gab da shiga Kafanchan iska ta taso, aka fara yayyafi, kafin mu kai majami'a ruwa ya tsuge, na farko a shekarar. Mazajenmu suna fake a baranda da baburansu suna jira. Maigidana ya leƙo yana tambaya da hannu ko mun ci. Mama Reluwe ce ta fara sauka, ta tsaya cikin ruwan ta buɗe hannuwa ta ce masa, "Ɗa na, ba mu ci kome ba! Kawo mana tulu!" Na miƙa masa ta taga, ya karɓa yana kallonmu kamar mun zautu. Muka sauko ɗaya bayan ɗaya, anko ya manne a jiki, farin ɗankwali ya koma ja da laka, muka ja mazajen cikin fili, muka koya musu amshi.